Gwangwanin hotunan Oldham: littafin aikina

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau na sayi abin da ban fita saye ba. Na shiga wani shagon tsofaffin kaya a nan Oldham, garin da nake zaune a Ingila, neman fitilar tebur, irin shagunan da ke kwashe kayan gida idan mai gidan ya rasu ba magajin da ke so, sai na ga wani gwangwanin biskit a ƙarƙashin kujera, cike da hotuna. Mai shagon ya ce fam 50, na taya 30, muka rabu a 35. Uwargida da ta gani ta ce, "Malam, mutanen nan danginka ne?" Na ce a'a. Ta ce to Allah ya ba da sa'a.

Na ƙirga da daddare: hotuna 214. A ciki 61 katunan gidan waya ne masu hoton gari, 9 nagatif ne na gilashi a naɗe cikin tsohuwar jarida, sauran hotunan iyali ne da na ma'aikata. Guda 23 kacal ke da rubutu a baya, banda katunan.

Shekara huɗu ke nan ina aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya da ke cikin tsohuwar masana'antar kaɗin auduga, jan bulo hawa biyar. Idan zafi ya yi, katakon daɓen yakan fitar da warin mai, man injin da aka daina zubawa tun kafin a haife ni. Kullum ina tambayar kaina su wane ne suka tsaya a nan kafin ni. Ga su nan a gwangwani.

Niyyata: in kwafe su duka a kwamfuta, in gano shekara da wurin kowane, in je in ɗauki hoton wurin yadda yake yau, sannan in fitar da allo 20 a kafa a zauren unguwa bayan ƙaramar sallah, da bayani cikin Turanci da Hausa. Na ware fam 200.

Talata, 14 ga Janairu

Sikana ta hannu, mai fitila a murfi don nagatif, fam 60. Aljihunan adana hoto marasa sinadari guda 250, fam 22. Fensir mai laushi. Kowane aljihu na rubuta masa lamba, daga 001 zuwa 214. Ba na rubutu a jikin hoton.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na lalata hoto, kuma da hannuna.

Lamba 088 yana cikin ƙaramin firam: wani dattijo mai gashin baki a ƙofar gida, da yarinya sanye da takalman katako. Damshin garin nan ya shige shi shekara da shekaru har fuskar hoton ta manne da gilashi. Na ga wani a intanet yana cewa tururi na sake shi. Na dafa ruwa a buta, na kara firam ɗin, na jira, na ja a hankali. Rabin sama ya taso lafiya, har na fara jin daɗi. Daga nan na ji wata 'yar ƙara kamar an ɓare lemo, sai ga fuskar yarinyar ta zauna a gilashi, jikinta ya biyo takarda. Garin neman gira na rasa ido.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban kwafe shi ba tukuna. Da na kifa shi a sikana da gilashinsa, da yanzu ina da fuskar ko da dishi-dishi ne. Hoton ya tsira daga yaƙin duniya biyu, ya zo ya mutu a kicin ɗina ranar Lahadi. Na haɗa gilashin da takardar a aljihu ɗaya na ajiye. Akwai wasu uku masu irin wannan mannewa, ba zan taɓa su ba. Daga yau, kwafi kafin komai.

Asabar, 25 ga Janairu

Sati guda ina kan katunan gidan waya, kuma su ne suka fi saurin magana. Abin da na koya:

Idan bayan katin a rabe yake biyu, gefe na adireshi gefe na saƙo, to bai riga 1902 ba, don a shekarar ce gidan wayar Birtaniya ya yarda da hakan. Sai kan sarki. Har zuwa Yunin 1918 ana aika kati da rabin kwabo, abin da tsofaffinmu ke kira ɗari, daga nan ya koma kwabo. Fuskar da ke kan sarkin ma shaida ce: Edward na Bakwai ya rasu 1910, George na Biyar ya gaje shi.

Amma na kusa faɗawa rami. Hatimin gidan waya ranar aikawa yake nunawa, ba ranar ɗaukar hoto ba. Ina da kati biyu masu hoto iri ɗaya sak, har karen da ke tsallaka titi, ɗaya an aika shi 1906, ɗayan 1913. Masu bugawa sun yi ta juya tsohon nagatif muddin yana sayuwa. Saboda haka a takardar lissafina ta kwamfuta na buɗe gurbi biyu, "bai riga" da "bai wuce".

Gine-ginen ma suna taimakawa. Gunkin tunawa da sojojin yaƙin duniya na farko da ke gaban babban cocin gari an buɗe shi 1923. Taragon lantarki na kan titi kuma ya daina yawo 1946. Duk hoton da ke da su biyun, tsakanin nan yake. Bakwai na samu haka.

Saƙonnin bayan katunan ba su da wani tarihi: na iso lafiya, ruwa ake yi, a gaida Anti. Huɗu daga Blackpool aka aiko su a ƙarshen Agusta, makon hutun da masana'antun gari ke rufewa gaba ɗaya kowa ya tafi bakin teku.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na je ɗakin adana tarihi na hukumar gari da kwafin hotuna 30. Ma'aikaciyar ta fito mini da tsofaffin taswirori masu nuna gida-gida, da littattafan adireshin 'yan kasuwa na shekara-shekara. Idan sunan shago ya fito a hoto, sai ka bi littattafan ka ga shekarar da ya bayyana da wadda ya ɓace. Awa uku na gano tituna biyar.

A nan na fahimci girman abin da nake aiki a cikin kufansa. A 1911 Oldham na da mazarin kaɗi miliyan 16.4, kuma a ganiyarta masana'antun sun haura 360. Ni da na tashi ina ganin kakata da mazari ɗaya da alli a yatsa, lissafin ya ƙi zama a kaina. A wancan zamani garin kaɗi ne, ba na saƙa ba: a nan ake mayar da audugar Amurka zare, a kai garuruwa irin su Blackburn da Burnley a saƙa. Injinan kuma a nan gida kamfanin Platt Brothers ke ƙera su, a Werneth, yana sayar wa duniya.

Abin mamaki, cikin katuna 61 babu ko ɗaya na cikin masana'anta. Zauren gari, coci, lambun Alexandra, kasuwar Tommyfield da tsohon zaurenta wanda gobara ta cinye a 1974. Bututun hayaƙi sai dai a hango su a baya, wani wurin ma kamar mai buga katin ya rage hayaƙin da buroshi. Wa zai aika wa 'yar'uwarsa hoton inda yake shan wahala?

Kuɗin bas da kwafin taswira biyu: fam 9.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Kwafi kawai. Na kai 140. Ido na ciwo.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Maƙwabciyarmu Baturiya ce 'yar shekara 87, yarana Kaka suke ce mata, ita ma ta karɓa. Na kai mata hotunan ma'aikata guda 12 da na buga manya. Ta sa tabarau, ta yi shiru, sannan ta fara, ba ta tsaya ba sai da shayi ya huce sau biyu.

Ta bar makaranta tana 15 a 1952, ta shiga ɗakin shiɓa, inda ake tsefe auduga kafin kaɗi. Ta ce ƙurar kamar hazo, ka fito gashinka fari. Mahaifiyarta da tari ta rasu, irin ciwon ƙirjin da ƙurar auduga ke kawowa, wanda suke ganewa da yadda yake tsananta ranar Litinin bayan hutun mako. Ta nuna mini lamba 121, maza cikin fararen kaya ba takalmi, ta ce ba talauci ba ne, daɓen ɗakin dogon injin kaɗi mai ne zalla, da takalmi sulɓewa za ka yi. Ni kuwa har na rubuta "ma'aikata matalauta" a bayanin. Na goge. Su ne ma masu albashi mafi tsoka a ginin, in ji ta, kuma suna ji da kansu.

Hoton da ya kama ni shi ne 127: 'yan mata tara tsakanin layin injina, an ƙawata wurin da tutoci da kambin takarda, ga harufa G da R. Kaka ta ce wannan ɗakin kaɗin mata ne, mai irin injin kaɗin da ake kira injin zobe, amma ba ta san kowa ba, sun girme ta. Harufan na sarki George ne. To wanne? An yi bikin cikar George na Biyar shekara 25 a sarauta a 1935, an naɗa George na Shida a 1937, harufansu ɗaya. Baya babu rubutu ko ɗigo. Mace tara, ba suna ko ɗaya.

Da zan tafi ta ce, "Ɗana, ka rubuta sunan yaranka a bayan naku." Na ce namu a waya suke, Kaka, ba su da baya. Ta yi dariya har da tari.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kwana uku na ɓata a kan nagatif ɗin gilashi lamba 203. Titi ne mai gangara, ga gadar jirgin ƙasa a ƙarshe, ga tarago. Na ce wannan unguwar Mumps ce, inda tsohuwar gada take kafin a rushe ta a 2010. Amma a taswira kwanar titin dama take yi, a hotona hagu. Na sauka daga aiki ƙarfe shida na safe, maimakon barci na yi ta zagaya wurin cikin ruwa da iska, ina ɗaga takarda kamar mai neman filin gado. Na fara zargin taswirar, har na fara tunanin ko hoton na Rochdale ne ko Ashton.

Jiya ɗana mai shekara 11 ya leƙo kwamfuta ya ce, "Baba, me ya sa keken dokin nan yake bin hannun dama?" Na ƙara girman hoton. Can a bangon wani shago ga rubutu a juye. Na kifa gilashin a sikana ta fuskar da ba ita ba, hoton ya fito kamar a madubi. Dannawa ɗaya, komai ya koma mazauninsa. Na duba sauran takwas, biyar a juye suke. Na ba yaron fam 2, zan sa a lissafin aiki.

Mura ta kama ni.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na kira Kawu a Funtuwa don gaisuwa, na ba shi labarin aikin. Ya ce, "Kai yaro, ai audugarmu ce ta gina musu garin." Na ce ranka ya daɗe ba haka ba ne sosai, muka yi kusan awa guda har katinsa, wato nawa, ya ƙare.

Abin da na tabbatar shi ne wannan. Lokacin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, auduga ta yanke, masana'antun Lancashire, yankin da Oldham ke ciki a lokacin, suka tsaya, mutane suka shiga yunwa. Lambun Alexandra da ke cikin katuna na guda takwas, marasa aikin wancan lokaci ne aka ɗauka suka gina shi, aka buɗe 1865. Tsoron sake dogaro da ƙasa ɗaya bai bar masu masana'antu ba, shi ya sa a 1902 suka kafa ƙungiyar BCGA don a noma auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka. Arewacin Najeriya na cikin inda suka fi sa rai, kuma wannan buri na cikin dalilan shimfiɗa dogo har Kano a 1911. Sai manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, masaƙan gida kuma suna sayen auduga da tsada fiye da Bature. A ƙasar Zariya da kudancin Katsina ne abin ya kama, da injinan gurza irin na Funtuwa inda kakanmu ke kai tasa a kan jaki. Akoko kuma, farin yadin da Kawu ya ce da shi aka yi masa rigar makarantar allo, daga wannan yanki ake kawo shi.

Na so in yi allo guda a kan wannan, Funtuwa da Oldham gefe da gefe. Na fasa. Babu hoto ko ɗaya a gwangwanin da ya nuna dilar audugar Najeriya, kuma abin da garin nan ya fi kaɗawa ta Amurka ce. Idan na cusa garinmu don in ji daɗi, na yi wa hotunan ƙarya. Zan sa layi uku a ƙarƙashin hoton lambun, shi ke nan. Kawu bai gamsu ba.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi ya kama. Kwafi ya kammala, 213 da rabi. Aikin zai koma bayan sahur, awa ɗaya kafin barci.

Asabar, 8 ga Maris

Wata sabuwa. Na so in jera takardar lissafin bisa shekara, sai na zaɓi gurbin shekara shi kaɗai na danna. Shekarun suka jeru tsaf, sauran gurabe suka tsaya inda suke. Ban lura ba, na adana, na rufe, na ci gaba kwana biyu ina ƙari a kai. Sai da na ga hoton bikin aure na bayan yaƙi ɗauke da 1904 na gane. Aikin sati shida ya cakuɗe kamar an zuba gero cikin dawa.

Abin da ya cece ni shi ne tsohon hali: duk abin da na gano ina fara rubuta shi da fensir a ɗan littafi, da lambar aljihu. Dare huɗu ina mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Guda 17 ba su cikin littafin, don a kwamfuta kai tsaye na sa su, sai na sake binciken daga farko. Na sayi ma'ajiyar bayanai ta waje da ake haɗawa da kwamfuta fam 14, kowace Juma'a sabon kwafi da kwanan wata a sunansa.

Asabar, 15 ga Maris

Bayan asham na nuna wa wani dattijo ɗan Pakistan hotunan a waya, wanda kowa a masallaci ke kira Alhaji. Ya duba har ƙarshe ya ce, "To mu ina muke?"

Gaskiyarsa. Gwangwanin ya tsaya a wajen 1955. Shi ya zo 1964, lokacin da masana'antun ke faɗuwa, bayan dokar 1959 da ta biya masu su kuɗi su farfasa tsofaffin injina. Waɗanda suka rage suna so injin ya kwana yana juyawa, 'yan gari ba su son aikin dare, sai aka ɗauko su. Unguwannin Glodwick, Werneth, Westwood, Coldhurst, duk haka suka cika da mutanen Pakistan da Bangladesh. Ya ce su goma a gida ɗaya, gado ba ya hucewa, mai dare ya tashi mai rana ya kwanta.

Washegari ya zo da ambulan. Hoto shida, biyar a situdiyo: kwat, taye, agogo, hannu a kan rediyo. Ya ce kwat ɗin da agogon na mai hoto ne, aro ake yi a aika gida. Na yi dariya don na tuna nawa na farko da na tura wa Inna, a jingine da motar da ban san mai ita ba. Na shida shi ne a bakin inji, kuma ya lissafa mini sunan duk mutum huɗun da ke ciki da ƙauyukansu, na rubuta a take, da fensir, a aljihun.

Na ce, "Alhaji, a ba ni izini in kafa?" Ya ce biyu daga ciki, banda mai rediyon, jikokinsa za su yi masa tsiya. Tsari ya canja: allo 16 daga gwangwani, 4 na bayan 1960. Ina bukatar ƙarin mutum biyu masu hotuna.

Asabar, 22 ga Maris

Na fita ɗaukar hotunan "yau". Zauren gari na 1841, wanda Winston Churchill ya tsaya a matakalarsa da ya ci zaɓen ɗan majalisar Oldham a 1900, yanzu gidan sinima ne. A gabansa ga gunkin Annie Kenney da aka kafa 2018, wadda ta fara aikin masana'anta tana 10, inji ya cire mata yatsa, daga baya aka ɗaure ta a 1905 kan fafutukar zaɓen mata. Na bar ta a cikin hoton. Wurare shida sun yiwu. Uku ba yadda za a yi, titin ma babu shi, babbar hanya ta bi ta kai. Na hau bas zuwa Royton inda masana'antar Elk take, wadda aka gina 1926 ta rufe 1998. Filin manyan shaguna ne da wurin ajiye motoci.

Laraba, 26 ga Maris

Lamba 127. Na sake kwafe shi da ƙarfin sikana na ƙarshe, minti tara yana tafiya. A jikin ginshiƙi, bayan kafaɗar yarinya ta uku, akwai ɗan hoto da aka liƙa, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Mutumin ciki yana da gemu. George na Shida ba shi da gemu. Gashin 'yan matan kuma gajere ne, ba irin na 1911 ba, shekarar bikin naɗin George na Biyar. Na rubuta 1935. Wace masana'anta, su wane ne, har yanzu shiru.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha sallah lafiya. Lissafi: gwangwani 35, sikana 60, aljihuna 22, bas da taswira 21, ma'ajiya 14, yaro 2. Jimla fam 154. Mai buga allo ya ce fam 7 kowane, wato 140, na haura kasafi da 94. Zan buga a takarda mai kauri in liƙa a kwali da kaina, wajen fam 55. Zauren unguwa kyauta ne idan na ɗauki yammacin Lahadi, na kama 11 ga Mayu.

Na gano wuri da shekarun 96, shekaru kawai na 71, sauran 47 ba komai.

Saura: fassarar bayanai zuwa Hausa, na yi 5 cikin 20, kuma ina fama da sunan dogon injin nan na maza. Alhaji ya yi alkawarin haɗa ni da wani abokinsa ɗan Bangladesh ranar Juma'a. Lamba 127 zan buga shi mafi girma, in sa lamba a kan kowace fuska, in ajiye littafi da fensir a ƙasa. Kaka ta ce in ba ta kwafi ta kai wurin shan shayinsu na ranar Talata, akwai wata mai shekara 94 da yayyenta biyu suka yi ɗakin zobe a Hathershaw. Na buga mata ɗazu, na kai mata da tuwon sallah da ya rage, ta karɓi hoton ta dawo mini da tuwon.